Yadda Sufeto Ta Kama Mijinta da Satar Amsa

Kafinta ya ba ni izinin in ba da wannan labari, ya ce ko wani mai taurin kai irinsa zai ji ya shiga taitayinsa. Matarsa ba ta ba ni izini ba, ni ma ban tambaye ta ba, don na san kafin ta ce e ko a'a sai ta fara bincikar wanda ya aiko ni.

Matar Kafinta 'yar gwaggona ce, ni ɗan kawunta. Abokiyar wasana ce ta halak, ina da lasisin tsokanarta har ranar da ɗayanmu zai bar duniya. Malamar firamare ce, tana koyar da 'yan aji shida tun ina da gashi a tsakiyar kai. Ɗalibanta ne suka laƙaba mata Sufeto, sunan ya biyo ta har gida, har Gwaggo kafin ta rasu in bakinta ya suɓuce haka take kiranta. Ni kuwa ita ta sa mini Rediyo, wai ba a kashe ni sai dai batir ya ƙare. Sharri take yi mini. Ni mutum ne mai kunya, labari ne kawai yake son biyowa ta wurina.

Da zargi aka haifi Sufeto. Gwaggo ta ce ranar da ta zo duniya ba ta yi kuka ba sai da ta gama ƙare wa ungozoma kallo. In ka ce mata ina kwana, sai ta leƙa taga ta tabbatar gari ya waye. Akwai shekarar da na kai mata takalmi sabo fil a kwalinsa, ta juya shi sama da ƙasa, ta shinshina, ta ce, "Wace ce ta ƙi karɓa?" Abin haushin, akwai wadda ta ƙi karɓar.

Inda ta fi suna kuwa shi ne kama masu satar amsa. Ni makaranta ba ta daɗe da ni ba, mun rabu da ita lafiya ba tare da faɗa ba, don haka a bakinta na ji yadda take yi. Ta ce ba a tambayar yaro ko ya kwafa, kowa a'a zai ce. Sai dai ka sa shi ya sake gaya maka amsar, yau, gobe, jibi. Wanda ya san abu kullum da sababbin kalmomi yake faɗinsa, yana tuntuɓe yana gyarawa. Wanda ya kwafa kuwa, yadda ya ɗauko haka zai ajiye, ko wasali ba zai taɓa ba. Ta ce kuma ɓarawon amsa ba ya tsince kaya, har da abin da ba nasa ba yake kwasowa. Ta taɓa kama wani da ya kwafi har sunan maƙwabcinsa a saman takarda.

Mijinta kuwa mutum ne shiru-shiru, fensir a bayan kunne, garin katako a gira. Mafi yawan maganar da yake yi a yini da katako yake yinta. A dangi an daɗe ana mamakin yadda suka zauna lafiya har yaransu suka girma suka bar gida, amma ni na gano sirrin: shi kaɗai ne ba ta taɓa kamawa da ƙarya ba, saboda ba ya yin maganar da za ta ishi ƙarya ta samu wurin zama. Laifinsa ɗaya, ya gyara gidan kowa a unguwa ban da nasa. Ƙofar kicin ɗinsu shekara da shekaru a rataye take da hinji ɗaya, sai ka ɗaga ta kamar za ka rungumi baƙo kafin ta buɗe. Kujerar falo kuwa tsofaffin littattafan lissafi ne suke riƙe da ƙafarta.

Ciwon da ya kama Kafinta ya fara ne da yawan zagayawa. Mutum ya shiga banɗaki ya daɗe, ya fito, kafin ya zauna ya sake komawa. Shi ya ce shayi ne. Sufeto ta hana shi shayi, abin bai canza ba, ta ja shi zuwa asibiti. Aka ɗebi jini, daga baya aka ɗebi ɗan nama aka kai gwaji. Ranar da sakamako ya fito tare suka shiga. Likitan wani dattijo ne, kansa fari tas kamar an zuba masa auduga. Ya ce musu akwai wani ɗan ƙullin nama a ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji, likitoci suna ce masa furostet, to na Kafinta ciwon daji ya kama shi. Ya ce za a yi hoto a ga ko ya bazu, sannan su dawo a yanke shawarar abin yi.

A ranar, in ji nas ɗin da ke wurin, Sufeto ta yi wa likitan nan tambayoyin da suka ishi kotu ta yi shekara tana zama. Har makarantar da ya yi sai da ta tambaya. Kafinta, mai ciwon, ko tari bai samu damar yi ba. Shi ya sa da ranar komawa ta zo ya ce shi kaɗai zai shiga. Makon jarrabawa ne kuma, ba ta da yadda za ta bar aji. Ta yarda da ƙyar, da sharaɗin ni zan kai shi, tunda dama ni nake ɗaukar masa kaya a 'yar motata.

Ban taɓa ganin wurin da maza suka taru suka yi shiru kamar ɗakin jiran nan ba. Benci biyu suna kallon juna, kowa ya sunkuyar da kai, kowa yana satar kallon ƙofar banɗaki. Mutum ɗaya ne yake magana, wani tsoho mai sanda, shi kuma ya yi surutun kowa da kowa. Aka kira Kafinta, ya shiga ya daɗe. Da ya fito na ce, "Yaya dai, Yallaɓai?"

"Lafiya lau," ya ce.

Har muka iso ƙofar gida bai ƙara ko a ba. Ban damu ba, ai haka yake. Na sauke shi na tafi harkata. Da yamma Sufeto ta bugo mini waya muryarta har rawa take don murna, ta ce Allah ya taimaka, ba za a yi tiyata ba, likita ya ce a jira. Na ce alhamdu lillahi, a yanka mini kaza tunda motata ce mai sa'a. Ta ce in je in yanka wa kaina.

Ba a yi nisa ba ta aiko in same ta a makaranta bayan an tashi. Na tarar da ita ita kaɗai a aji, allo goge tas, tagogi a rufe. Ta nuna mini kujerar yara ta ce in zauna. Na zauna, gwiwoyina suka zo mini haɓa.

"Yaya, laifin me na yi? Wallahi ko me aka ce miki, ƙari aka yi."

"Ya gyara ƙofar kicin," ta ce.

"To ai sai ki yi rawa."

"Ya gyara kujera. Ya kafa mini kantar da nake roƙo tun auta yana goye. Jiya ya kira ni bayan gida ya nuna mini inda ake rufe ruwan gidan gaba ɗaya, ya sa na murɗa da hannuna har sau biyu. An kawo masa aikin gadaje na wani otal, aikin da zai kai shi baɗi, ya ce su kai wa wani. Rediyo, mutumin da aka ce masa lafiya lau yana koya wa matarsa rufe famfo?"

Na ce wataƙila tuba ya yi. Ta yi mini kallon da ya sa na gyara zama.

"Na tambaye shi abin da likita ya ce a ranar da kuka dawo. Na sake tambayarsa washegari yana cin abinci. Na sake tambayarsa yana aske gemu. Ko wasali bai canza ba." Ta rufe ido ta karanto kamar mai bitar hadda: "'Baba, ciwon nan naka tafiyar hawainiya yake yi. Zuciyarka ba za ta ɗauki tiyata ba. Ka je gida ka huta, bayan wata shida ka dawo mu duba.'"

Ta buɗe ido. "Likitan nan ya girme shi nesa ba kusa ba. Shi zai ce masa Baba? Kuma zuciyar wa? Mutumin da ya goya ƙofar ƙarfe ya hau da ita bene kana biye da shi hannu rabbana kana haki?"

"Ni jakar kusoshi na riƙe."

"Na je asibitin. Nas ta ce ba za ta gaya mini komai ba sai da yardar mai ciwo. Yarinyar nan akwai abin da take ɓoyewa."

"Yaya, ai ɓoyewar ce aikinta."

"Rufe mini baki ka buɗe ƙwaƙwalwa. Wa ya zauna kusa da shi?"

"A ina?"

"A ɗakin jira. Ba a satar amsa daga nesa. Dama ko hagu, wa ke kusa da shi?"

Na fara cewa ni ina can ina taimaka wa mai shara da hira, sai na tuna. Tsohon nan mai sanda. Shi ne a damansa. Tsohon da ya ɗaga riga ya nuna wa duk ɗakin tabon inda aka sa masa batirin zuciya a ƙirji. Shi aka kira kafin Kafinta, kuma da ya fito ya tsaya a tsakiyar ɗaki ya yi mana sanarwa kamar mai shelar ɓatan akuya, kalma bayan kalma, abin da Sufeto ta karanto yanzu. Har da hawainiyar.

Fuskata ba ta iya riƙe sirri. Sufeto ta ɗauki jakarta.

"Ta da mota."

A hanya na roƙe ta. Na ce Yaya, ki bari ki huce, ki same shi ku biyu a ɗaki. Kamar da sitiyari nake magana.

Shagon Kafinta rumfar kwano ce doguwa, katakai jingine a bango, injin yanka a tsakiya, ƙasa duk garin katako har idon sawu. Muka tarar yana goge wata 'yar kujera. Ya ɗago ya gan mu tare, hannunsa ya tsaya.

"Baban yara," ta ce a hankali, irin muryar da in ɗalibanta suka ji suke fara salati, "sake gaya mini abin da likita ya ce."

Bawan Allah ya sake karantowa. Wallahi har inda tsohon ya ja numfashi, nan shi ma ya ja.

"Rediyo, faɗi abin da tsoho mai batir ya ce."

Na ce ni ban ji sosai ba, kunnena ɗaya yana ciwo tun ina yaro.

"Faɗi."

Na faɗa, ina kallon ƙasa.

Kafinta ya ciro fensir daga bayan kunne ya ajiye a kan tebur. Da ya buɗe baki kuwa, ya yi maganar da ta fi duk wadda na taɓa ji daga gare shi tun ranar ɗaurin aurensu.

"Bai bazu ba. Haka ya ce. Amma nawa ba irin na jira ba ne, ya ce a cire shi tun yana wuri ɗaya, kada a ja lokaci. Ya ce bayan tiyatar, fitsari zai riƙa zubo mini ban sani ba, wata da watanni, wasu ma ya fi haka. Sai in riƙa sa ƙunzugu kamar jariri. Ni, da furfurata, in shiga kemis ɗin bakin layi in ce a ba ni ƙunzugu, masu zaman benci suna ji. Kafin in iso gida an kai labari tasha." Ya dube ni, ya kau da kai. "Akwai kuma ɗayan. Abin da ke tsakanin miji da mata. Ya ce mai yiwuwa ya dawo, mai yiwuwa kuma shi ke nan."

Ni dai na shiga ƙirga kusoshin da ke ƙasa da idona.

"Shi ne ka zaɓi ka zauna ya cinye ka?" in ji Sufeto. "Shi ne ka dube ni ka yi mini ƙarya? Na kira yara na ce musu su kwantar da hankali!"

"Kin kama ni, Malama," ya ce. "A gaban ƙaninki. Saura ki kai ni ofishin hedimasta."

Ya juya ya kunna inji. Ƙara ta cika rumfar. Ta yi magana, ta ɗaga murya, ko juyowa bai yi ba.

Muka koma mota ni da Sufeto. Sai da muka kusa gida ta ce, ba ni take kallo ba, "Ni in na kama yaro, na gama nawa. Wani ne yake yin sauran. Yau kuwa ba wanda zan miƙa wa."

Daga ranar Kafinta ya ƙaura shago. Ya shimfiɗa tabarma a bayan katakai. Ni nake kai masa abinci, ni nake dawo da shi kusan yadda na kai. In na ce masa Yallaɓai, asibiti fa, sai ya miƙo mini katako ya ce in riƙe masa nan. Kwanaki suna ta wucewa, kuma duk mu ukun mun san abin nan da ke jikinsa ba ya zuwa hutu. Na kawo shawarwari masu kyau. Na ce mu ɗaure shi da igiyar kaya mu jefa bayan mota. Na ce a ce masa asibitin ne suke neman kafinta, in ya shiga a rufe ƙofa. Sufeto ba ta ko zage ni ba. Ta rame, idonta ya faɗa, ranar nan har na ga ta karɓi canji a hannun mai kayan miya ta zuba a jaka ba ta duba ba. Nan na san abin ya kai inda ya kai.

Wata Asabar da hantsi ta kira ni ta ce in zo in raka ta kemis. Kemis ɗin nan daga ƙofar gidanta ko gurgu ba zai nemi rakiya ba. Wannan karon ni ne na shiga zargi.

"Yaya, me za ki saya da sai da ɗan rakiya? In maganin ɓera ne, ni ban ga komai ba, amma ki tuna ina da iyali."

"Taho dai. Bakinka nake bukata."

Mai kemis ɗin unguwarsu, in aka ce ni Rediyo ne, shi gidan rediyon ne gaba ɗaya har da eriya. A ƙofarsa akwai benci, kullum cike da mazan da aikinsu shi ne sanin abin da kowa ya saya. Ta zaɓi lokacin da shagon ya fi cika. Akwai mata biyu a gaban teburin mai kemis, ɗaya ma uwar ɗalibinta ce, ta rusuna ta gaishe ta.

Sufeto ta tsaya tsakiyar shago, ta yi amfani da muryar da take kiran layin safe.

"Kana da ƙunzugun manya?"

Mai kemis ya washe baki. "Akwai, Malama. Wata tsohuwa aka kawo muku gida?"

"Nawa ne."

Shagon ya yi tsit. Har firjin da ke ƙugi a lungu sai da ya yi shiru.

"Tun haihuwar auta nake fama," ta ce, "in na yi tari ko atishawa sai ya zubo. Yanzu abin ya ƙaru. Ba ni babban ƙunshi. Ka riƙa ajiye mini kuma, zan daɗe ina saya."

Ya jawo baƙar leda. Ta ce ya bar ledarsa. Ta saƙale ƙunshin a hammata, hoton abin ɓaro-ɓaro a jiki, ta fito ta bi ta gaban benci a hankali kamar mai duba tsaftar farce, har da tsayawa ta amsa gaisuwa.

Ku fahimci wace ce wannan. Matar da ba a taɓa ganin ta tana tauna a titi ba. Matar da in takalminta ya tsinke a hanya gara ta tsaya a wurin har rana ta faɗi da a ga tana ɗingishi. Ni da nake bayanta ji na yi kamar ƙasa ta buɗe in shige da motata.

Da muka sha kwana ta ce, "Yau ni na kunna ka. Je ka faɗa wa duk wanda ka sani."

"Yaya, ɗalibanki za su ji fa."

"Su ji."

"Malamai za su ji. Dangin mijinki za su ji."

"Rediyo, tun da nake ban taɓa roƙonka ka yi gulma ba. Yau ɗaya da na roƙa za ka yi mini rowa?"

Muka wuce shago. Ta shiga ta dire ƙunshin a kan teburin aiki, tsakanin guduma da kwalbar gam. Kafinta ya kashe inji. Ya dubi abin, ya dube ta.

"A wurin mai kemis na saya," ta ce. "Da bakina na ce nawa ne, benci cike. Ga shaida nan."

"Wallahi Yallaɓai," na ce, "har da tari da atishawa. Ni kaina na fara yarda."

"Daga yau duk wanda aka saya, nawa ne. Duk wanda aka gani a shara, nawa ne. In wata shida ne, nawa ne, in shekara goma ce, nawa ne. Wannan an gama da shi." Ta dube shi. "Abin da na yi maka a gaban wannan sakaran kuma, ban kyauta ba. Saura ɗayan. Rediyo, fita."

Na fita, amma ban yi nisa ba, don kada su bukaci wani abu. Na manna kunne a jikin kwano. Kafinta ya san hali, sai ya kunna injin yanka ya bar shi yana ta ihu babu katako a kai. Duk ƙoƙarina abu ɗaya na tsinta, lokacin da wuta ta ɗan yi ƙasa, muryar Sufeto tana cewa, "…to in ka mutu da shi lafiyayye, ni da wa zan yi faɗa?" Daga nan inji ya sake ɗauka.

Sun daɗe. Na ci gyaɗa, na yi waya, na yi barci a mota na farka. Da injin ya yi shiru suka fito, idon kowa ja wur. Suka ce garin katako ne.

Kafinta ya yarda zai koma, amma da sharaɗi. Shi kaɗai zai shiga. Ita za ta zauna a waje, in ya ga dama ya sa a kira ta, in bai ga dama ba shi ke nan. In kuma ta shiga, ba tambaya ko ɗaya. Na ga Sufeto ta haɗiye sharaɗin nan kamar mai haɗiyar dutse, ta ce ta yarda.

Ni kuma na yi aikina tsakani da Allah. Kafin magariba labari ya zaga unguwa ya dawo mini da ƙari, wai har roba take shimfiɗawa a kujerar aji. Ranar Litinin wani ɗan banza a ajinta ya zuba ruwa a ƙarƙashin kujerarta. Kafin a buga ƙararrawar tara ta kama shi, hannun rigarsa a jiƙe. Amma ba ta ƙaryata komai ba. Mata suka yi ta zuwa yi mata sannu, kowace da maganin da ya yi wa ƙanwar kakarta aiki, ta karɓa ta yi godiya.

Ranar komawa asibiti Kafinta ya sa rigarsa mai kyau. Muka zauna a bencin nan, ni a gefe, su biyu a tsakiya. Sufeto ta rungume jaka a ƙirji, ta matse baki kamar an ɗinke. Da aka kira shi ya miƙe, ya tsaya. Ƙofar likita tana hagu, ƙofar fita tana dama, kuma na rantse sai da ya dubi ta dama. Hannun Sufeto ya ɗaga zai kamo rigarsa, ta mayar da shi kan jaka ta danne da ɗayan. Ya shiga ta hagu. Aka rufe.

"Rediyo," ta ce ƙasa-ƙasa, "ɗakin nan yana da wata ƙofar ta baya?"

"Ban sani ba, Yaya."

"Taga fa? Mutum zai iya fita ta taga?"

"Hawa na biyu muke."

"Je ka tsaya a ƙasa dai."

Ban je ba. Muka zauna. Ta kalli agogon bango, ta kalli na hannunta, ta ce ɗaya daga cikinsu ƙarya yake yi. Duk wanda ya wuce da farar riga sai ta bi shi da ido har ya ɓace. Ƙafarta tana ta kaɗawa, bencin gaba ɗaya yana rawa, wani bawan Allah a ƙarshensa ya tashi ya koma tsaye.

Can ƙofa ta buɗe. Nas ɗin nan da ta hana ta labari ta leƙo.

"Matarsa ta shigo. Shi ya ce a kira ta."

Sufeto ta miƙe. Ta dangwara mini jakar a cinya ta ce ta san yadda ta jera komai a ciki, ta shiga.

Da suka fito Kafinta ne a gaba. Ya ce mini an sa ranar aiki, mako mai zuwa, in zo da sassafe, kuma in wanke motar don ba zai je tiyata yana warin fenti ba. Nas ta raɗa mini cewa Malama ba ta ce uffan ba tun daga shiga har fita, sai dai ta riƙe gefen kujerarsa har yatsunta suka yi fari.

Muna sauka daga bene ta fara.

"Mako mai zuwa. Da wuri haka? Me ya sa ɗakin tiyatarsu ba layi?"

"Malama," in ji Kafinta, "kin yi alkawari."

"Alkawarin na cikin ɗaki ne," ta ce, ta karɓe jakarta daga hannuna ta buɗe tana dubawa.